Sista da Agogon Zafin Motar Manaja

Sista ba ta ɗaukar abu sai ta fara taɓa shi da bayan hannu. Kofin shayi ne, goshin jariri ne, murfin tukunya ne, ko wayar da ta daɗe a caji, sai ta ɗora bayan yatsunta a kai, ta ɗan karkata kai kamar mai sauraro, sannan ta ɗauka. Mutanen gidan sun saba har sun daina gani. Ita kanta in an tambaye ta, cewa za ta yi ba ta san tana yi ba. Shekara talatin da huɗu a ɗakin yara na asibiti ne suka bar mata wannan hali, tare da tafiyar sauri, da agogon da har yau take maƙalawa a ƙirji, da sunan aikin da ya haɗiye sunanta na gaskiya. Har jikokinta Sista suke ce mata.

Ta ajiye aiki da niyyar rama barcin da ta yi ta asara. Wata uku kacal ta samu. Mijinta, Malam, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, ya zame a banɗaki ya karya ƙafar hagu sama da gwiwa. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, ƙashi ya kama, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi sau biyu a mako, kuma ya faɗa wa Sista a gefe, irin yadda ma'aikata ke faɗa wa juna gaskiya, cewa in aka yi wasa da watannin nan na farko, haka ƙafar za ta sandare har abada.

Matsalar ita ce Malam dogo ne, motar Sista kuwa 'yar ƙarama ce, wadda shi da kansa ya raɗa wa suna Gwangwani. Kafin a shigar da shi sai an kwantar da shi a kujerar baya a gicciye, a sauke gilashi, ƙafar ta leƙa waje. Wurin gashin yana can ɗaya gefen gari, lokacinsa ƙarfe biyu na rana, hanyar kuma ta tsakiyar kasuwa ta ratsa.

"Ƙafar nan ta fi ni farin jini," in ji Malam. "Jiya wata mai lemo ta yi mata sannu, ni ko kallona ba ta yi ba."

Yana dariya, amma duk ranar da suka dawo sai ya kwana biyu yana cije leɓe. Sannu a hankali ya fara ƙirƙiro dalilai. Yau kansa ke ciwo, gobe yana jiran baƙo. Da ya tsallake gashi uku a jere, Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta aro tef ɗin awo wurin telan da ke maƙwabtaka da su, ta auna Malam daga ƙugu zuwa diddige yana kwance.

"Likkafani za a ɗinka min tun yanzu?"

"Mota za a ɗinka maka. Miƙe ƙafar."

Mako biyu tana zagaya wuraren masu sayar da motoci da tef a jaka. Ba ta kallon fenti, ba ta tambayar shekara. Ƙofar baya take buɗewa, ta tura kujerar gaba iya turuwa, ta auna, ta girgiza kai, ta wuce. Waɗanda suka isa awon sun fi ƙarfin kuɗin sallamarta, waɗanda kuɗin ya isa kuma ba su isa ƙafar Malam ba.

Auta ne ya kawo labarin motar Manaja. Auta ƙaninta ne, ɗan shekara hamsin da biyu, gemu duk furfura, yana da shagon fenti, bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba, amma babu motar da bai san ciwonta ba. Manaja kuwa tsohon manajan wata maɗaba'a ne, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka hana shi tuƙi.

Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano a farfajiyar gidansa, doguwa, ruwan toka mai duhu, ta haura shekara ashirin amma ko ƙwarzane babu. Kujerun fata, katako mai sheƙi a gefen sitiyari, ƙofa in an rufe ta sai ta yi wani nishi mai nauyi. A zamaninta sai manya ke shigarta. Sista ta miƙa tef. Ya isa, har da rarar taƙi guda. Ta tsaya tana kallon wannan rarar kamar an ba ta kyauta.

Abin da kowa ya ja mata kunne a kai ɗaya ne. Telan ya faɗa, mai gadin layi ya faɗa, har likitan Malam ya faɗa: tsofaffin manyan motocin nan zafi ke kashe su. Suna tafiya lafiya lau, sai a cunkoso su fara tafasa, tururi ya turnuƙe, a bar ka a tsakiyar titi. Sista ta hango Malam, da hawan jininsa da ƙafarsa da ba ta takuwa, zaune cikin mataccen ƙarfe a tsakiyar kasuwa da ƙarfe biyu na rana. Ta ce sai ta gwada.

Suka fita, ita a sitiyari, Manaja a gefenta, Auta a baya ya leƙo da kai tsakanin kujeru. A gaban direba akwai ɗan agogon da ke nuna zafin inji, shuɗi a ƙasa, ja a sama, da tsinke a tsakani. Tsinken yana tsakiya daidai.

"Yaya, dubi nan," in ji Auta. "Ko gezau! Wannan ai ba inji ba ne, randa ce."

"Shekara biyar ke nan bai motsa daga nan ba, ranki ya daɗe," in ji Manaja, yana shafa katakon kamar gadon bayan doki.

Suka zagaya unguwa suka dawo. Sista ta sauka, ta ɗora bayan hannu a kan bonet, murfin injin.

Bayan kwana biyu ta koma da hantsi. Tsinke a tsakiya. Ta sake komawa da la'asar, ta kunna esi, na'urar sanyi, har ƙarshe, ta hau gadar sama sau biyu. Da suka dawo bonet ɗin ya fi na ranar farko zafi nesa ba kusa ba, har sai da ta janye hannu. Tsinke yana nan a tsakiya, bai ƙara ko kaurin gashi ba.

Auta ya ce a kawo kuɗi kawai kafin wani ya riga su. A gida kuwa Malam ya fara tambaya yana yi kamar ba tambaya yake ba. Wai kujerun da laushi? Wai rediyonta na kama tashar labarai? Sista tana ba shi amsa tana yankan albasa, zuciyarta na wani wuri.

Ta tuna wata ɗaliba da aka taɓa turo mata. Yarinya mai tsabta, rubutu kamar na inji. Takardar da ke rataye a gadon kowane yaro, inda ake rubuta zafin jikinsa duk bayan awa huɗu, tata ta fi ta kowa kyau: talatin da bakwai, talatin da bakwai, talatin da bakwai, layi ya miƙe sambal. Kowa na yabonta. Sista ce ta ɗora hannu a goshin wani yaro a gado na shida ta ji kamar garwashi. Ashe yarinyar ba ta aunawa, kwafar na sama take yi. Tun daga ranar Sista ta fi tsoron kyakkyawar takarda fiye da mai hawa da sauka. Mai rai ba ya zama a lamba ɗaya.

Sai kuma ta lura da wani abu. Duk zuwan da ta yi, ta tarar an riga an tayar da motar. Manaja kullum ƙarfe bakwai yake fitowa ya ɗumama ta, ko zai fita ko ba zai fita ba. Ba ta taɓa ganin motar da sanyinta ba.

Washegari ƙarfe shida da rabi tana ƙofar gidansa, ta taso Auta yana hamma, hularsa a karkace. Manaja ya fito da rigar barci da buroshin haƙori a hannu.

"Lafiya dai, Sista?"

"Lafiya lau. Zagayen safe na zo. Kada ka tayar da ita, ba ni makullin."

Bonet ɗin da raɓa a kansa, sanyi ƙalau. Ta zauna, ta murɗa makulli sau ɗaya, iyakar inda fitilu ke kamawa, ba ta tayar da injin ba. Tsinken ya yi tsalle daga ƙasa ya dire a tsakiya, ya tsaya cak.

"Auta, zo ka ga randarka. Injin da ko tari bai yi ba, wai har ya ɗumama."

Auta ya leƙa, ya sake leƙawa, ya juya ya kafe Manaja da ido. "Au! Ashe haka ne? Da girmanka da komai?"

Manaja ya sa tabarau ya sunkuya. Fuskarsa ba ta wanda aka kama ba ce, ta wanda aka tasa daga barci ce. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "To ai gyara shi aka yi."

"Wane irin gyara?" in ji Sista.

Ya ba su labari, buroshi na rawa a hannunsa. Shekara biyar da suka wuce tsinken ya fara hawa duk lokacin da ya shiga cunkoso. Tsinke na hawa, jininsa na hawa. Ya daina kallon titi sai agogo, har ya kusa hawa kan wata mai tura baro. Sai ya je wurin wani mai gyaran wayoyin wutar mota a bakin hanya ya ce masa, abin nan yana tayar mini da hankali, a yi masa wani abu. Mutumin ya shiga ƙarƙashin sitiyari minti goma, ya fito ya ce an gama. Tun daga ranar tsinke bai ƙara tayar masa da hankali ba.

"Ai kuwa ya cika maka aiki," in ji Sista. "Abin da ka ce shi ya yi."

"Wallahi na ɗauka zafin ya gyara."

"Tun daga nan ina kake zuwa da ita?"

"Wurin mai jarida. Sai gidan 'yata, nan bayan layi. Da safe dai."

Dariya ta kuɓuce wa Sista, ta yi ta yi har da dafa ƙofa. Manaja ya tsaya tsuru-tsuru, sannan shi ma ya fara, yana cewa kai, kai, kai, shekara biyar ina yi wa mutane alfahari da abin da aka ɗaure wa baki.

A hanyar komawa Auta ya juya baya gaba ɗaya. Shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba. Shi dama ya ji wani ƙauri. A rabu da ita, a nemi wata.

"Wace wata? Ka ga wata da ƙafar Malam za ta shiga?"

"To ki saya, ta dafa miki shi a kasuwa."

"Zazzaɓi ba shi ne ciwon ba, Auta. Sai an duba abin da ya kawo shi. Wani na kisa ne, wani kuwa kwana uku ne."

Ba ta faɗa wa Malam komai ba sai cewa ana ɗan duba motar. Ya ce to, ya ci gaba da karatun jaridarsa, amma ta ga ya yi minti ashirin bai juya shafi ba.

Manaja, don kunya, da kansa ya ce a kai ta duk inda Sista ke so, in ta mutu tasa ce, in ta tashi a yi ciniki. Suka lallaɓa da ita da sanyin safiya zuwa wurin Mai Lagireto, dattijon da aikinsa ke nan tun yana saurayi: gyaran wannan tukunyar ruwa mai ƙananan hanyoyi da ke gaban inji tana sanyaya shi. Rumfarsa a ƙarshen layin makanikai take, ƙasa duk ta yi ja da tsatsa, ga rabin duro cike da ruwa, ga warin dalma. Yana ganin Sista ya miƙe ya ɓoye sigarinsa a baya. Shekara ashirin da suka wuce ta taɓa korarsa daga ɗakin yara saboda ita, bai manta ba.

"Na daina, Sista. Riƙe wa wani na yi."

"Bayanka na hayaƙi. Ga marar lafiya na kawo maka."

Ya fara da cire abin da mai waya ya maƙala, ya mayar da wayar inda take. Tsinke ya faɗi ƙasa, kan shuɗi. Sannan ya ce mata abu biyu za su duba, in ɗaya ya fito, ta ɗauki jakarta ta tafi ko waiwaye kada ta yi, don injin ya riga ya ƙone daga ciki. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya shafa a yatsa. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Baƙi ne wuluk. Ya buɗe murfin ruwa, ya ce a tayar. In ruwan ya riƙa fitar da kumfa kamar ana hura shi da tsinken lemo, shi ke nan.

Su huɗu suka sunkuya a kan ɗan bakin nan. Sista ta ciro agogon ƙirjinta. Minti biyar. Minti goma. Auta ya ce ga kumfa nan, Mai Lagireto ya ce numfashinka ne, matsa. Ruwa na ta zagayawa shiru, ja-ja-ja da tsatsa, amma ko ƙwaya ɗaya bai tashi ba.

"Zuwa wurin mai jarida ne ya cece ta," in ji Mai Lagireto. "Da ya taɓa kai ta kasuwa da rana, da tuni ana sayar da ƙofofinta ɗai-ɗai."

Da aka kashe injin, Sista ta bi fuskar lagireton da bayan hannu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. "Nan da zafi. Nan ma. Nan kuwa sanyi, kamar ba jikinsa ba. Nan ma sanyi."

Mai Lagireto ya taɓa, ya dube ta. "Rabinsa ya toshe. Sista, da ma nan kika zo aiki tun farko, da yanzu ina da rumfa biyu."

Kwana uku motar ta yi a wurinsa. Ya ciro lagireton ya buɗe, ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, abin da ya fito ya cika rabin bokiti, kamar laka. Cikin fankoki biyu na gaba, ɗaya ashe ta daɗe da mutuwa, ya sake ta. Ya sake tiyo biyu da suka kumbura. Sista na zuwa safe da yamma, tana tsayawa a kansa da hannu a baya, har maƙwabtansa suka fara tambayarsa ya mai jiki.

Rana ta huɗu ta ce sai an gwada a inda za ta yi aiki. Ƙarfe biyu daidai suka shiga hanyar kasuwa, esi a ƙure. Manaja a gaba, ya rantse ba zai kalli agogo ba, ya ɗora hula a fuska. Auta a baya, an sa shi ya miƙe ƙafar hagu kada ya lanƙwasa, a matsayin Malam.

Cunkoson ranar kamar an yi odarsa. Wata babbar mota ta tsaya sauke kaya, masu babura sun cika kowace kafa, kwalta na rawa don zafi. Tsinke ya taso daga shuɗi, ya kai tsakiya, ya zauna. Sannan ya ɗan wuce.

"Yaya, yana hawa."

"Ina gani."

"Yaya, ya ƙara!"

"Yana hawa?" in ji Manaja daga ƙarƙashin hula. "Kada ku faɗa mini. Ya kai ina?"

Sista ta kafe tsinken da ido. Ta ƙudura a ranta in ya kai layi na gaba, za ta kashe, ta mayar wa Manaja makullinsa, ta je ta dubi idon Malam ta faɗa masa motar ba ta yi ba. Tsinke ya matsa kusa da layin. Sai suka ji wani gurnani daga gaba, fanka ta biyu ta kama. Tsinke ya tsaya. Ya yi kamar yana shawara. Sannan ya fara saukowa, a hankali, har ya koma tsakiya.

Minti arba'in suka yi a wurin. Sau uku yana hawa, sau uku fanka na mayar da shi. A na ukun Sista har waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

"Wai murnar me kike yi, abu na ta hawa da sauka?" in ji Auta. "Ni kuma ƙafata ta mutu. A faɗa wa Malam na yafe masa duk tsokanar da ya taɓa yi mini."

A ranar aka yi ciniki. Da la'asar ta tsaya a ƙofar gida ta danna hon. Malam ya fito a kan sanduna biyu, sanye da rigar da rabonsa da ita tun kafin ya faɗi. Ya zagaya motar sau ɗaya. Auta ya buɗe masa ƙofa har da rusunawa. Ya zauna, ya ja ƙafar ya shigar, ya miƙe ta, aka rufe ƙofa, duk jikinsa na ciki.

"To," ya ce, yana gyara murya, "masoyan ƙafata za su yi kewarta."

"Jibi ƙarfe biyu akwai gashi."

"Na sani, Sista. Ni na ce ba zan je ba? Ƙarfe ɗaya ma za ki same ni a shirye. Yanzu dai zagaya da ni, ta doguwar hanya."

Ta zagaya da shi ta doguwar hanya. Ya sa aka rage esi, ya ce shi ba nama ba ne. Ya gyara wa mai karanta labarai lissafi sau biyu. A wajen gadar sama ta dube shi ta madubi ta ga ya yi barci, baki a ɗan buɗe.

Da suka dawo aka tarar motar ta fi farfajiyar gidan tsawo, ƙofar gida ba za ta rufu ba sai an matsa gaba, gaban kuma igiyar shanya ce. Sista ta sauka, ta kwashe kayan da suka bushe ta rataya a kafaɗa, ta kwance igiyar, ta je ta ɗaura ta a ƙusar da ke bayan kicin.